Akurkin da Na Sake Gina Miki

Bahiya, ƙasar Brazil, cikin Shawwal na 1275

Zuwa ga Uwani, hasken idona, inuwar da nake sauke kaya a ƙarƙashinta, ruwan randa ga mai hawan tudu da rana tsaka. Gaisuwa mai yawa, da begen da takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Na san labari ya riga ni isowa, don a garin nan ko tuntuɓe mutum ya yi sai an ji. Gaskiya ne, akurkin da na gina wa kajinki a bayan ɗakina a kan tudu ya rushe. Da tubalin laka na yi shi, na daɓe rufinsa a shimfiɗe kamar yadda babana ke yi a Zazzau kafin a kamo ni bawa, na manta ruwan Bahiya ba ya sallama, ba ya kuma gajiya. Gari ya waye na tarar da tulin caɓi, garin rogon da na ajiye a gefe ya koma kunu. An ce kin yi dariya har ƙosanki ya ƙone a kasko. Yi abinki, farin wata, na cancanta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar yayanki Mahmudu, wai ƙasar nan ba ta karɓar ginin Bahaushe, don haka ki bi shi jirgin ruwan da zai tafi Ikko. Haba Uwani! Wa kika sani a Ikko? Wa ya rage da zai gane fuskarmu a can? Kin tuna ranar da na fara ganinki a bakin tashar jiragen ruwa kina suya, kajinki ɗaure a ƙafar kujera don ba ki da inda za ki bar su? Kika ce tun da kika sami 'yanci ba ki taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, har yau ba ta tashi ba.

To, na sake ginawa. Na kwaso katakon akwatunan da aka yar a unguwar 'yan kasuwa ta Comércio, na kafa shi kan turaku don ruwa ya wuce ta ƙasa, na tayar da rufin ganyen kwakwa mai tsini kamar yadda wani Bayarabe maƙwabcina ya nuna mini. Gefe ɗaya na kaji ne, ɗayan na wakenki da manja da kasko, har da ƙusa ta rataye ludayi. Jiya an sheƙa kamar da bakin ƙwarya, na shiga na zauna a gefen kajin, ko ɗigo bai taɓa ni ba. In wannan ma ya faɗi, zan tayar da wani. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kurciyata, kuma ni tsoro nake ji kada ki tafi. Ina sonki, ban iya faɗarsa a ɓoye ba.

Ranar da jirgin zai tashi, zan zo ƙofarku da gammona. Ba ɗan dakon da zai taɓa akwatinki sai ni. In kika ce mu gangara tasha, zan kai shi ba tare da na ajiye ba. Amma ki dube ni tukuna, Uwani, ki ce mu hau tudu, mu nufi ɗakina.

Naki har ranar da za a ɗauke ni a kai kamar yadda nake ɗaukar kayan mutane,
Sulaimanu ɗan dako