Giyar da Ta Fita a Gangaren Adabka

Anka, Litinin

Zuwa ga Naziru bakanike, mijin ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Hasana kuna lafiya. Ni ina kwance gidan mai ɗori, ƙafar dama ta karye wuri biyu. Wayata ta farfashe cikin haɗarin motar, shi ya sa na rubuto.

Jiya Alhaji Bilyaminu mai motar ya aiko cewa kada in ƙara kusantar motocinshi. Wai ka ce mashi sabbin kayan giyabos sun iso, amma ni na ƙi ajiye motar a gyara don gaggawar lodi. Ban yarda daga bakinka maganar ta fito ba.

Ba ni na tsaya garejinka na Gummi ba, na ce maka giya tana fita da kanta in na ɗauki kaya? Ban ce tana gurnani kamar injin niƙa in zan sa ta uku ba? Kai ka shiga ƙarƙashinta, ka dangwali man da ke ɗiga, ka shinshina ka ce ya ƙone. Na bar maka motar, na dawo ka ce, “An ɗaura sabbi, tafi abinka.”

Da shinkafa nake gangarowa kusa da Adabka, giya ta fita ta koma firi, birki ya kasa riƙe nauyin. Ga mata masu tallan nono a gabana. Sai na murɗa sitiyari na faɗa rami.

Ka je ka gaya wa Alhaji gaskiya. Na gaishe ka.

Surajo

Gummi, Alhamis

Zuwa ga Malam Surajo,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, muna yi maka jaje, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Game da batun mota, ka san motoci da yawa ke shigowa wurina, ba kowace magana nake riƙewa ba. Kuma direba shi ke jin motarshi. In ka ji tana ƙara, da sai ka tsaya. Abin da Allah Ya ƙaddara ba ya wuce ranarshi. Ina ba ka shawara a bar tone-tone saboda zumunci.

Ka huta lafiya.

Naziru

Bukkuyum, Asabar

Yaya Surajo,

Ina gaishe ka, ya ƙafa? Ina wurin Inna tun jiya, da tsohon cikin nan na hawo babur.

Yaya, ba a ɗaura wa motarka komai ba. Ranar da ka bar motar na kai abinci gareji, na tarar da Naziru da ƙanenshi Shamsu suna sa sabbin kayan a motar Shamsu. Motarka kuwa mai kawai Naziru ya canza mata. Da kunnena na ji ya ce, “Ta Surajo za ta kai damina, hannunshi da sanyi.” Lokacin ban san abin da hakan ke nufi ba.

Da na ji karyewarka na tuna mashi, na ce zan gaya wa Alhaji. Ya ce ranar da na taka ƙofar Alhaji, a bakin aurena. Inna sai kuka take. Abin da ka ce shi zan yi, ko gobe ne.

Allah Ya tashi kafaɗarka.

Ƙanwarka Hasana

Anka, Lahadi

Hasana,

Na gaishe ki, ki gaishe da Inna.

Kada ki je wurin Alhaji. Na rasa mota, ƙafar ma sai yadda Allah Ya yi, ba zan ƙara da aurenki ba. Ki koma ɗakinki.

In kin sauka lafiya zan zo suna ko da sanda ne, saboda ke. Ki gaya wa mijinki kada ya miƙo mani hannu ranar.

Yayanki Surajo