Kwali Biyar da Gadar Badagishiri

Birnin Konni, 6 ga Maris, 2006

Yaya Badi'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da zafin rana, da mutanen Badagishiri. Mu nan lafiya lau, Hamdiyya da yara suna gaisuwa. Na buga miki waya sau huɗu rezo ya ƙi, layi bai shiga ba, shi ya sa na ba Barmo direba wagga takarda.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta! Hajiya Ummul-Khairi mai kayan yara, wadda ke kusa da duwan, ofishin kwastan, ta dawo daga Dubai da littafin hotuna na kamfanin nan mai yin bulon roba irin na Baba. Sun fito da sabon jeri, wai shi Birnin Gobe. Shekara talatin muna juya tsofaffin bulon da Baturen izin, wato masana'antar siminti, ya bar wa Baba a Malbaza, har ƙurajen da ke kansu sun cinye, yau ga sababbi fil! Shafi na tara kuwa, wallahi gada ce, mai ƙafa huɗu, da mota a kanta. Ina ganinta na ce wagga ta Yaya ce.

Ranar Lahadi na kai littafin majalisarmu ta 'yan bulo. Har yanzu mu uku ne: ni, da Tanimun tela, da Malam Ubaidullahi na farmasi. Tanimun ya riƙe shafin yana ta "Kai! Kai!" har shayinsa ya huce. Malam, mutumin da ya ba hamsin baya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Hamdiyya ta leƙo ta ce, "Manya da gemu, kuna wasan yara." Babu wanda ya ko ɗaga kai.

Mun ce Hajiya ta sa a aiko mana da kwali biyar. Nan da mako uku suna Konni. Ki gaya mini ranar da za ki tsaya gaban konseye, kansilolin garinku, kan maganar gadarki, in san ko za mu samu lokaci.

Ƙanenki mai ɗoki,
Abdussamad

Badagishiri, 11 ga Maris, 2006

Ƙanena Abdussamad,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a buro, wurin aiki, na karanta ina dariya ni kaɗai har mai gadi ya leƙo. Ka gaishe da Hamdiyya, ka ce mata yayar mijinta ma tana cikin masu wasan.

Konseye za su zauna ranar 20 ga Afrilu, kuma a zaman ne za su zaɓi aikin da za a yi bana. Ka san tun da na kama aikin malamar gona a nan nake fama da maganar ƙoramar da ta raba gari da lambunan mata. Da rani tsallakewa ake yi a kan yashi. Da ruwa ya sauko sai hanya ta yanke kwana biyu, wani lokaci uku. Bara ruwa ya tafi da amalanken Ladi, shugabar matan lambu, da jaki da buhunan albasa duka. Hadiza kuwa, wata daga cikinsu, naƙuda ta kama ta a ƙetare, ta haihu ƙarƙashin mangwaro, muna hangen matan da suka kewaye ta da zannuwa ba mu da hanyar zuwa.

A zaman da ya wuce na kai musu zanen gada a takarda. Dattijon cikinsu, Alhaji Rabilu, ya karɓa ya juya shi sama ƙasa, ya ce, "Ɗiyata, wanga tsani ne ko mi?" Aka yi dariya, aka wuce zuwa maganar mahauta. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da bai saba da zane ba, sai ya ga abu a tsaye, ya taɓa da hannu.

Rabona na bulon Baba ba ya kai ko ƙafa biyu. Don haka ina jiran kwalayenku kamar ruwan farko. Na riga na auna teburin mare, wato magajin gari, na zana ƙoramar a kan katako da shuɗin fenti. Ladi ta ce in gadar ta tsaya za ta zo da mata ashirin su cika zauren.

Allah ya kawo su lafiya.

Yayarka,
Badi'a

Birnin Konni, 2 ga Afrilu, 2006

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kwalaye sun iso. Ban san ta inda zan fara ba.

Mun taru a shagon Tanimun, ya share teburin yanka, ya shimfiɗa farin yadi sabo. Malam Ubaidullahi ya yi bisimilla ya tsaga kwalin gada da almakashi. Yaya, gadar guda ɗaya ce! An zubo ta a haka tun daga kamfani, kamar kwanon roba. Ka maƙala mata ƙafa huɗu, ka ɗora mota, shi ke nan ka gama. Na duba agogo, minti shida. Tsawonta bai kai tafin hannuna biyu ba, kuma babu yadda za a ƙara mata.

Tanimun ya girgiza kwalin ya leƙa ciki ya ce, "To ina bulon?"

Muka buɗe sauran huɗun da sauri. Bangon gida guda ne da tagoginsa. Jirgi ɓari biyu ne, sama da ƙasa. 'Yan mutanen roba da ke ciki duk sun ɓata rai, kowa da bindiga, kamar an hana su wucewa a iyaka. Bulo na gaskiya, mai ƙuraje takwas, wanda za ka gina masallaci da shi yau gobe ka mayar da shi tasha, mun ƙirga ba su cika tafi ɗaya ba. Launin tokar ma sun canja shi, in ka jera shi da na Baba sai ka ce sabon siminti a tsohon bango.

Malam ya ce, "Sun gina, sun aiko mana mu yi kallo." Ya tashi ya tafi ko sallama bai yi ba.

Jiya na shiga sibar, shagon intanet, na bincika. Ashe ba mu kaɗai ba ne! Manyan mutane a ƙasashen Turawa, likitoci da injiniyoyi, suna ta rubuta kukan da muke yi. Wani ya ce ya yi shekara arba'in yana gini, wanga karo ya ji an ɗauke shi sakarai. Na ji sanyi kaɗan. Mun rubuta wa kamfanin takarda da Faransanci, mu uku muka sa hannu, Tanimun ya nace sai da aka rubuta "abin kunya" sau biyu.

Amma wannan ba ya tsallakar da Ladi. Zan aiko miki da rabona gaba ɗaya ta hannun Barmo, Tanimun da Malam ma sun ba da nasu. Sai dai kin san ni, na san ki: gada ba ta tsayuwa sai da dogayen sandunan nan da masu lanƙwasa kamar baka, kuma duk suna cikin gwangwanin Yaya Inusa a Malbaza. Ni ba zan roƙa miki ba. Maganar tsakaninku ce.

Ki yi haƙuri da ɗokin da na sa ki.

Abdussamad

Badagishiri, 6 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga Yayana Inusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Salamatu da yara, da abokan aiki na izin.

Yaya, shekara shida ke nan ba mu yi magana ba sai gaisuwar ta'aziyya, kuma laifina ne. Ban taɓa faɗa da bakina ba, yau zan faɗa.

Gidan bulon da Baba ya gina a kan tebur lokacin ciwonsa, gidan da ya so ya gina wa Inna bai samu iko ba, ni na warware shi washegarin sadakar arba'in. Na kasa bulon kashi uku, ina ganin adalci nake yi. Ban tambaye ka ba. Ban tuna cewa kai ne kake miƙa masa bulo ɗaya ɗaya lokacin da hannunsa ya fara rawa ba. Da ka shigo ka ga teburin babu komai, ka ɗauki kashinka ka zuba a gwangwani ka fita. Da ka zage ni ranar, da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ɓoye maka ba, buƙata ce ta sa na samu ƙarfin rubutowa. Ina so in gina samfurin gada in nuna wa konseye ranar 20 ga wata, don matan da ruwa ke yanke wa hanya. Sababbin bulon da Abdussamad ya sa aka kawo ba su gina komai. Masu baka da dogayen suna wurinka. In ka ara mini, na gode. In ka hana, ba zan ga baƙinka ba, kuma gafarar da nake nema tana nan ko da gada ko babu.

Ƙanwarka,
Badi'a

Badagishiri, 21 ga Afrilu, 2006

Abdussamad!

Gaisuwa a taƙaice. Ka tara Tanimun da Malam ka karanta musu da ƙarfi.

Kwana goma sha ɗaya babu amsa daga Malbaza. Na cire rai, na fara haɗa ƙafafu da abin da ke hannuna, suna ta faɗuwa. Ranar Talata da la'asar ina zaune a tsakar gida cikin bulo, sai na ji sallama. Yaya Inusa ne, kabu-kabu ya sauke shi daga tasha, da gwangwani a hammata. Na miƙe tsaye. Bai dube ni ba, abin da na gina ya duba. Ya ce, "Ƙafafun nan sun yi siriri. Ruwan farko zai tafi da su." Ya cire takalmi ya zauna.

Kwana biyu muka yi muna gini. Maganarsa ba ta wuce "miƙo ja" da "ba wannan ba". Amma ya ci tuwona, har ya nemi ƙari. Gadar ta fito da baka biyar, tsawonta ya kai hannuna tun daga kafaɗa, ja da fari da rawaya kamar zanen amarya.

Jiya muka ɗauke ta a kan katako, ni da shi, muka ratsa kasuwa mutane na bin mu. Ladi ta cika alkawari, mata sun fi talatin. Muka ajiye ta a teburin mare. Alhaji Rabilu ya taso, ya zagaya ta, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce, "Ruwan ta ina zai bi?" Na nuna masa bakunan. Ya ce a miƙo masa butarsa. Kafin in hana, ya tuttula ruwa a kan katakon! Ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya zube a kan takardun sakatare, gada ko motsi. Mata suka ɗauki guɗa.

Wani konseye ya ce, "To nauyi fa?" Yaya Inusa ya fita waje ya ɗauko dutse kamar kan jariri, ya ɗora a tsakiya. Na rufe ido. Da na buɗe, tana tsaye. Ya ce musu a hankali, "Shekara ashirin da biyu ina aikin siminti. Zanen ƙanwata daidai yake."

"Ƙanwata" ya ce, Abdussamad. A gaban mutane ya faɗa.

An kaɗa ƙuri'a, goma sha ɗaya cikin goma sha biyar. Gada ce aikin bana! Sai injiniya ya zo ya auna, kuma ba lallai a gama kafin damina ba, amma an rubuta, mare ya sa hannu. Ka ce wa Tanimun motar sabon kwalin ta yi amfani, ita muka ɗora a kai. Ɗan mutumin nan mai ɓata rai kuma Alhaji Rabilu ya sa shi a aljihu, wai kamarsu ɗaya da surukinsa.

Yaya ya koma da motar yamma. A tasha na so in tayar da maganar takardata, sai ya ɗaga hannu ya shiga mota. Ban san ko ya yafe ba. Ya dai bar gwangwanin.

Yayarka mai murna,
Badi'a

Malbaza, 25 ga Afrilu, 2006

Badi'a,

Salam. Na iso lafiya.

Idan injiniyan ya zo, ki ce masa ya haƙa ƙafa ta uku ya wuce sauran, yashin wurin yana da zurfi. Na je na duba da safe kafin zaman.

Takardarki na karanta ta tun ranar da ta zo. Amsa ce ban iya rubutawa ba. Ya wuce.

Salamatu ta share ɗakin baƙi. Ku zo ranar Juma'a ke da Abdussamad, ku kwana biyu. Ka ji, Abdussamad, ka zo mini da kwali ɗaya cikin sababbin nan. Ina so ni ma in ga abin da idona, in yi nawa faɗan.

Yayanku,
Inusa