Gwangwanin Motar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara?

Ka tuna gwangwanin da ka ɗaura wa injin motar Baba, mai tare baƙin mai? Tun tafiyarka ba wanda ya juye shi. A hanyar Baure motar ta yi ta hayaƙi, har Baba ya fara zancen sayar da ita. Da ƙyar na ce, "Baba, a duba gwangwanin Yaya." Ashe ya cika. Da aka juye, hayaƙin ya ɗauke, zancen ma haka.

Na shafa man a ƙyauren ɗakinka yadda kake yi, ya daina ƙara. Inna ta ce ita ta fi son ƙarar, da ita take gane ka dawo.

Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza