Inna, Kyalla Ta Koma Wurin Goggo Altine

Zuwa ga mahaifiyata Hajara, wadda ke kwance gabas da Gangara damina biyu ke nan.

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ki gaisuwar ƴa ga uwarta, gwiwa biyu a ƙasa, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin sauƙi da haske. Na san inda kike babu rezo na waya, kuma ko da akwai ba za ki karanta ba, cewa za ki yi in karanta miki ina rage surutu. Amma bakina ya cika, a nan kuma na saba zubawa. Masu bina a shafin nan ku yi haƙuri, yau da uwata nake magana. Wanda ya ga zai zauna ya ji, ga tabarma.

Gida lafiya lau. Baba na nan da rediyonsa, ƙafar ce dai take tashi in an yi sanyi. Gardamar mulki da kika bari ana yi a fadar ƙofar gida har yau ba a gama ba. Wannan ya ce ƙasa ta samu ƴancinta, wancan ya ce shi ƴancin bai iso tukunyarsa ba tukuna, shayi ya huce suna yi. Ni dai abin da na sani, yau a ce boda a buɗe, gobe a ce a rufe, mai shago kuwa ko wanne aka ce sai ya ƙara. Tiyar hatsi ta yi tashin da in na faɗa miki sai ki ce sharri nake wa mutane. Shinkafa sai ranar suna. Sukari a ƙulle yake cikin akwatin Baba kamar takardar gona. Dusa ma, Inna, dusar da kike ba maƙwabta kyauta, yanzu awonta ake ana share baki.

Dusar nan ce ta kawo ni kan abin da nake son gaya miki. Maganar Kyalla ce.

Ke kin san ta, amma bari in faɗa don masu karantawa. Kyalla akuya ce ja mai farin ɗamara a ciki. Ba tamu ba ce. Ƙawar Inna, Goggo Altine, Bafillatana mai kawo nono kasuwar Gangara, ita ta ba ta habbanaye. Yadda ake yi, a ba ka dabba mace ka riƙe, ta haihu sau uku a hannunka, ƴaƴan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a barinta da yunwa ko taka za ta kwana ba ta ci ba.

Ina tuna ranar da ta kawo ta. Kuna zaune a gindin itacen bedi, ke kina Hausa tana Fillanci rabi da rabi, kuna ta dariyar abin da ni ban gane ba. Ta ɗora miki igiyar a hannu ta ce, “Hajara, uwar wannan daga garken uwata ta fito.” Kika ce, “To ta zo gidan uwarta na biyu.”

Kin ga haihuwa biyu. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da ke. Ranar da za a kai ki likita a Tanut, ana ɗaga ki kina waiwayen turke. Kika ce mini, “Saura ɗaya. In ta yi, ki nemi Altine ko ina take.” Na ce to, ina jin haushi ma, wai muna ta kanki kina ta akuya.

Goggo Altine kuwa tun kafin rasuwarki suka yi arewa da dabbobi, bayan Tarka, shiru. Ba ta da talho, balle in kira ta. Na tambayi masu nono har suka gaji da ni.

Bana da rani ya matsa, Yaya Sani ya fara maganar a sayar da Kyalla. Kar ki ji haushinsa Inna, shi ke ɗauke da gidan, ƴaƴansa huɗu, ga mu. Ya sayar da nasa dabbobin tun tuni, ya sayar da ƴaƴan Kyalla na fari muka ci hatsi. Cewa yake, “Mai ita wa ya san ko tana duniya? Muna ciyar da akuyar mutane, yara na lasar kwano.” Ni kuma in ce ciki ne da ita, na ukun ne, a bari ta sauke. Kullum sai mun yi. Har ruwan wankin hatsi nake ɓoye mata a bayan randa.

To kin tuna rijiyar nan ta hanyar gonarmu, wadda wani ɗan takara ya sa aka fara haƙa lokacin zaɓe, aka yi kiɗa aka raba atamfa, da aka gama ƙuri'a ba a sake ganin ko ƙurar motarsa ba? Ba ta kai ruwa ba, gaba shida ko bakwai aka tsaya. Da an shinge bakinta da ƙaya. Itace ya yi tsada, mata suka yi ta zara ɗaya ɗaya suna hura wuta, har da ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Bakin ya zauna a buɗe.

Wata Laraba da hantsi na sake ta ta ɗan tsinci abin da za ta samu, na zauna ina duba talho. Wani bidiyo ne ma na mutanen wata ƙasa suna ciro kare daga ruwa, ina ta sa masa zuciya ina cewa Allah sarki. Ina ɗago kai babu Kyalla. Kukanta na bi. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

Inna, ban san lokacin da na yar da talho da takalmi ba. Na leƙa, duhu, sai farin ɗamarar nan kawai nake gani yana motsi. Yashi da iska ta tara a ƙasan shi ya tare ta, ba don haka ba da sai labari.

Kafin wani lokaci rabin unguwa na wurin. Yaya Sani ya zo da wuƙa, mahauci na bin sa. Kowa bakinsa ɗaya, a zura mutum ya yanka ta tun tana numfashi kar ta zama mushe, naman ma ya fi daɗin jawowa. Ba mugunta ba ce, haka aka saba, kuma na ga yadda mata ke kallon juna, rabon gidaje da yawa da nama tun Babbar Salla. Ni dai sai na zauna daɓas a kan igiyar da suka kawo. Yaya ya ce in tashi. Na ce ba na tashi. Ya ce, “Ke wai uwarki ce a ciki?” Na ce, “Maganar uwata ce a ciki.” Ni kaina na ji tsoron bakina.

Ana haka Baba Ibro ya iso, tsohon nan mai haƙar rijiya da kike aika wa fura in azumi ya zo. Ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce akuyar wa. Na ce ta Altine ce, habbanaye ce a hannun Inna. Ya juya ya kalli Yaya ya ce, “Sani, mai da wuƙarka kube. Ko ta mutu, mai ita za a nuna wa fatar. Ba mu da ikon wuyanta.”

Bai yi gaggawa ba, shi ya fi ƙona mini rai a lokacin. Ya sa aka kunna guntun kyandir cikin gwangwani aka zura a hankali. Ya ce in wutar ta mutu, iskar ƙasan ba ta shaƙuwa, ba mai shiga. Muna kallon ɗan hasken yana sauka yana rawa. Ya kai ƙasa bai mutu ba. Sai ya tuɓe riga, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, matarsa na cewa, “Tsoho, shekarunka fa.” Ya ce, “Ramin nan ni na haƙa shi, ya san ni.”

Aka gitta gungume a bakin rijiyar don igiya ta bi ta kai. Wani Buzu mai suna Ghali yana wucewa da raƙuminsa za shi kasuwa, ba wanda ya roƙe shi, ya sauke kayansa a ƙasa ya kawo raƙumin aka ɗaura. Aka zura Baba Ibro da buhu biyu a kafaɗa. Daga can ƙasa muna jin yana lallashinta kamar jaririya. Ya rungume cikin da buhu ta yadda igiya ba za ta matse ƴaƴan ba, sannan ya yi kira a ja.

Raƙumin ya fara tafiya, taku ɗaya, tsaya, taku ɗaya. Ghali na yi masa magana da yarensu ƙasa ƙasa. Wuri ya yi tsit, har masu gardamar fada. Da ƙahonta ya leƙo, hannun da ya fara kama shi na Yaya Sani ne. Ya rungumo ta ya faɗi zaune da ita a jikinsa, duk ta ɓata masa riga, bai ko kula ba.

Ƙafar gaba ta karye. Aka yi mata ɗori da kara da tsumma. Na mayar da ita ɗakinki, na ce duk wanda warin ya dama ya koma zaure. Bayan kwana goma sha biyu ta haihu, biyu. Ɗaya bai zo da rai ba. Ɗayar mace ce, ta miƙe tana layi ta nemi nono. Na zauna a ƙasa na ce, Inna, uku ta cika, sai kuka.

Ashe ranar rijiya maƙwabciyarmu ta ɗauki talhona da na yar ta ɗauki komai. Na sa a nan, ku kuka yi ta turawa, Allah Ya saka muku. Bidiyon ya yi ta yawo har ya kai kasuwar Belbeji, wani ɗan'uwan Goggo Altine ya ji an ambaci sunanta a ciki, ya ga akuyar, ya kai mata.

Ranar kasuwa ina tankaɗe sai na ji sallama, muryar da na sani. “Hajara, ina kika shiga? Fito ki ga tsufana.” Inna, ba ta sani ba. A bidiyon cewa na yi habbanaye a hannun Inna, ita ta ɗauka kina ɗaki. Na fito da rariya a hannu. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakinki, ta ga babu takalminki. Ta sauke ƙwaryar kanta a hankali ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi kururuwa ba, kin san kunyar mutanensu. Kafaɗunta kawai ke motsi. Mun daɗe a haka.

Ta rame sosai. Sai da ta kwana biyu take gaya mini garkensu ya ƙare. Ciyawa ta yi wuya can arewa, ga rashin kwanciyar hankali a hanyoyin da suka saba bi, abin da bai mutu ba an sayar an ci. Ba ta da ko akuya ɗaya. Na ce to me ya hana ki zuwa tuntuni? Ta ce, “Kunya. Kar Hajara ta ce yunwa ta koro ni in karɓe kyautata kafin lokaci.” Kin ji fa. Tana can ba ta da abin tatsa, muna nan ana cewa wa ya san ko tana duniya. Yaya Sani na bakin ƙofa ya ji, ya tashi ya fita.

Ta shiga ta ga Kyalla. Ta durƙusa tana shafa ɗorin, tana yi mata wata ƴar waƙa da Fillanci. Na ce ga igiya Goggo. Ta ce a'a, sai an yaye ƴar, haka ake yi, kuma sai ƙafa ta taka. Ta je kabarinki da Baba ya nuna mata daga nesa, ta koma.

Jiya aka cika, an yaye ƴar. Ƙafa ta warke, ɗan ɗingishi ne ya rage. Na wanke ta, na sa mata sabuwar igiya. Ni da Yaya muka hau kamiyon ɗin ƴan kasuwa zuwa Belbeji, tana kwance a ƙafafuna tana cin gefen zanina. Sai da muka sauka na ga Yaya na sauke wani buhu da ban san ya ɗora ba. Dusa ce, rabin buhu. Na buɗe baki ya ce, “In kika sa wannan a talho sai na fasa shi.” Yaya ka yi haƙuri, Inna nake gaya wa.

Goggo na jiranmu a gefen kasuwar dabbobi. Na ɗora mata igiyar a hannu na ce, Hajara ta ce a gaishe ki, ta gode, ga amanarki. Ta riƙe hannuna da igiyar gaba ɗaya ta ƙi saki. Can ta ce, “Daga wannan garke zai tashi, in Allah Ya so.” Suka kama hanya, tsohuwa a gaba, akuya na ɗingishi a baya. Sau biyu Kyalla na tsayawa tana kuka, Goggo na jiranta ba ta ja ba. Na tsaya har suka shige cikin mutane.

Na dawo gida jikina duk a sake, kamar na sauke tulu. Baba ya tambaye ni an kai? Na ce an kai. Ya rage muryar rediyo ya ce, “To uwarku ta huta.”

Shi ne na ce bari in zo in gaya miki da kaina. Abin da kika ce in yi na yi, Inna. Na yi sakaci a tsakiya, ki yafe mini, amma ta isa hannun mai ita da ranta.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa mutane da dabbobi. Allah Ya ƙara wa Baba Ibro lafiya, Ya kai Ghali gida lafiya duk inda yake, Ya raya garken Goggo Altine. Ya sassauta mana tsadar nan, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba masu riƙe da ita tausayin talaka. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi wa uwata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.

Taki har mu haɗu,
Zuwaira, autarki mai baki.