Ƙarfen da Ba Ya Son Wanka

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Baba da ƙafarsa? An gama cirar gyaɗa a Minjibir? Ni a nan Alƙahira lafiya lau, karatu sai godiya.

Kin ce na daina kiran bidiyo. Ba wani abu ba ne, Inna, kuma laifin tarbiyyarki ne.

Malaminmu na kimiyya ya nuna mana jadawalin sinadarai. Ashe ƙarafa ma gida-gida ne, kowane gida da halinsa. Zinariya haƙuri gare ta, ko ta shekara a rijiya. 'Yan layin farko kuwa sun fi Kawu Yahya saurin fushi ranar da awaki suka shiga gonarsa.

Cikinsu akwai sodiyam, mai laushi kamar sabulu, a cikin kananzir ake ajiye shi. Aka ba ni ɗan guntu a faranti, duk maiƙo. Ke kika ce 'yar mutunci ba ta aiki da kwano mai maiƙo. Kafin Malam ya gama gargaɗi, na kai farantin famfo na sakar masa ruwa.

Inna, ashe da ruwa ya taɓa shi fashewa yake yi, ƙarar har ofishin shugaba! Malam ya ce "Ya Salam" ya fi sau goma. Ban ji ciwo sosai ba, girata ce kawai ta riga ni tafiya. Likita ya ce za ta dawo.

A sa ni a addu'a, a aiko da kuka da daddawa. In Abdulkabir ya matsa sai ya ga hoton amaryarsa, ki ba shi na sallar bara.

'Yarki mai tsafta,
Aina'u