Ɗorawa Uku a Gonar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto miki daga gidana a Tirwun, nan Bauchi, don in sanar da ke abu ɗaya: gonarki tana nan, ban sayar ba. Amma kada ki yi saurin sa mini albarka, ba halina ne ya hana ba.

Kin bar garinmu Tudun Kuka yadda kika same shi: kasuwar gyaɗa ranar Laraba, da mota ɗaya mai zuwa Bauchi in ta ga dama. Ba a daɗe da rasuwarki ba aka ce an gano man fetur a dajin da kuke zuwa itace. Manyan motoci suka shigo da mutane masu hular kwano. Mai shayin bakin tasha ya sayi firji. Wata 'yar kudu ta taso daga Shadawanka ta buɗe gidan abinci, har limaminmu ya san ɗanɗanon miyar agushi. Samari suka raɗa wa tashar suna Dubai, kuma ba da wasa suke ba.

Duk mai gona a bakin hanya ya sayar. Ni ma, ɗanki mai digiri biyu, wanda ya karanta tarihin garuruwan da mai ya ɗaga ya kuma yar, na ce namu garin daban ne. Na samo wani Alhaji daga Ƙofar Dumi da ke son gina masauki. Muka daidaita. Sharaɗinsa ɗaya: a ba shi fili fetal, babu itace ko guda.

A nan kika kama ni, Inna. Zaman birni ya mantar da ni cewa a garinmu ƙasa daban, itace daban. Gonar tawa ce ta gado, amma ɗorawa ukun nan da ke cikinta kin ba ƙanwarki, Yafendo Asabe, tun kina da rai, a gaban mai unguwa, saboda tare kuke daddawa.

Na je mata da hujjoji. Na yi mata bayanin tattalin arziki, har da Turanci kaɗan don maganar ta ƙara nauyi. Tana tsintar kalwa a faifai har na gama, sannan ta ce in sayar da ƙasata lafiya, ita dai a bar mata itacenta inda yake tsaye. Na tura mata Kawu, na tura mata liman. Kowa ya dawo da ƙullin daddawa da amsa iri ɗaya. Kin sha cewa boko ba ya hana mutum wauta, sai dai ya koya masa yadda zai kare ta.

Na yi wata takwas ban je gaishe ta ba. Wannan ne ya fi yi mini nauyin faɗa miki.

Sai kawai motocin masu haƙar man suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Aka ce za su dawo, har yau ana cewa. Alhajin ya daina ɗaukar wayata.

Yanzu in kin ratsa Dubai, shaguna ne a jere ba rufi, awaki suna shan inuwa a ciki. Maƙwabcinmu Malam Sale, da ya sayar da tasa, yana ƙodago a gonakin mutane, kullum yana wucewa ta gefen katangar da aka zagaye gonar ubansa da ita. Ba dariya nake masa ba. Itace uku ne kawai tsakanina da shi. Garin dai bai mutu ba: titin da suka shimfiɗa ya zauna, gyaɗa tana fita da wuri, 'yar kudun ma ta ƙi tafiya, yanzu tuwo take sayarwa.

Makon jiya na je. Tun daga tashar Bauchi nake shirya jawabin neman gafara. Na tarar da Yafendo a gindin ɗorawar tsakiya, ɗorawar ta nuna sosai bana. Na durƙusa na fara. Ba ta bari na kai rabi ba, ta miƙo mini gora mai ƙugiya, ta ce tun da Allah ya ba ni tsayi in yi aiki da shi, na saman can sun fi ƙarfinta. Na yi ta kaɗowa har la'asar, da babbar rigata a jiki. Wuyana har yau ciwo yake, kuma na daɗe ban ji daɗin jikina haka ba.

Na yi kewarki a gindin itacen nan, Innata. Tafiyarku ɗaya da Yafendo.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba ki inuwar da ta fi wadda kika bar mana. Ya ƙara wa Yafendo lafiya da taurin kai. Ni kuma ya yafe mini, ke ma ki yafe.

Ɗanki mai yawan karatu,
Bala