Tantin Kabiru a kan burtali

Bukkuyum, daren Lahadi.

Kabiru ɗan Kawu ya zo daga Abuja da sabon tanti da bindigar aro, wai shi mafarauci, Inna ta ce in raka shi daji. Jiya ya ga fili babu ƙaya, ya ce nan zai kwana. Na ce, "Wanga burtali ne, hanyar shanu." Ya yi mini dariya, wai ya karanta komai a waya. Na kai tabarmata gindin tsamiya.

Da asuba garke ya biyo ta kansa. Ya fito a guje ba takalmi, yana kiran sunana. Ko zomo bai harba ba.

Ɗazu Inna ta tambaye shi ina nama. Na miƙa mata tantin, kashin shanun ko bushewa bai yi ba.